DARASI A KAN ZAƁE: SUNAN DA BA YA KAN TAKARDA

Duk sa'ad da zaɓe ya ƙarato akwai wata tambaya da kan taso a zaurukan hira da wuraren nazarinmu, tun daga cikin garin Haɗejiya har ƙauyukan fadama. Tambayar kuwa ita ce: idan mutumin da jama'a suka amince da shi bai sami tikitin jam'iyya ba, shin mai jefa ƙuri'a yana da iko ya ɗauki alƙalami ya rubuta sunansa a kan takardar ƙuri'a, a kuma ƙirga masa? Amsa a taƙaice ita ce, a Nijeriya ba shi da wannan iko, kuma wanda ya gwada ya jefa ƙuri'arsa cikin haɗarin lalacewa. Amma akwai ƙasar da ake yin haka bisa doka, har ma an ci kujerun majalisar dattawa ta wannan hanya. Ya kamata mu san yadda abin yake aiki a can, domin saninsa zai nuna mana inda ƙofar takara take a namu tsarin, da kuma wanda yake riƙe da mabuɗinta. Wannan darasi ba ya tallar wata jam'iyya ko wani mutum.

Yadda abin yake a Amurka

A da can, hukuma ba ta buga takardar ƙuri'a a Amurka. Mutum yakan rubuta sunayen waɗanda yake so a ƙyallen takarda, ko kuwa ya karɓi wadda jam'iyya ta buga, ya kai akwati. Takardar jam'iyya kuwa takan zo da launinta, saboda haka kowa yana ganin abin da maƙwabcinsa ya jefa. A shekarar 1856 wasu yankunan Ostireliya suka soma wata sabuwar hanya: hukuma ce za ta buga takarda guda mai ɗauke da sunayen 'yan takara duka, mutum ya shiga wurin da babu mai ganinsa ya yi alama. Daga 1888 jihohin Amurka suka shiga kwaikwayon wannan. Asiri ya samu, amma wata sabuwar damuwa ta biyo baya. Tun da hukuma ce mai buga sunaye, hukuma ce ke nan mai yanke wanda za a iya zaɓa. Domin kada a ƙwace wa jama'a 'yancinsu na dā gaba ɗaya, sai jihohi da yawa suka bar wani layi babu kome a ƙarƙashin sunayen, inda mai zaɓe zai rubuta sunan da ba a buga ba. Wanda yake neman ƙuri'a ta wannan layi, shi ne za mu kira ɗan takarar rubuta-suna.

Sai mu lura da kyau, gama nan ne mutane da yawa suke fahimtar abin a karkace. Layin nan ba filin Allah ba ne da kowa zai shuka abin da ya ga dama. A galibin jihohi, sai mutum ya je ofishin zaɓe kafin wata ƙayyadaddiyar rana, ya cika takardar bayyana niyya, ya nuna ya cika sharuɗɗan kujerar na shekaru da zama ɗan ƙasa da mazauni, kafin a san da shi a hukumance. Sunansa ba zai hau takardar ƙuri'a ba, amma zai shiga jerin da ke hannun masu ƙirga. Duk sunan da aka rubuta wanda ba ya cikin wannan jeri, ba a lissafa wa mai shi kome, ko da mutum dubu ne suka rubuta. A wurare da yawa kuma rubutun kaɗai bai isa ba, sai an cike ɗan da'irar da ke gefen layin, domin na'urar ƙirga ta gane akwai ƙuri'a a wurin. Wasu jihohi, kamar Hawai da Nebada da Oklahoma da Dakota ta Kudu, ba su yarda da rubuta suna ba sam. Wani mai zaɓe a Hawai ya kai ƙara a kan haka, amma a 1992 Kotun Ƙolin Amurka ta ce jihar ba ta saɓa wa kundin tsarin mulki ba. Akwai kuma jihohin da suka hana wanda ya faɗi a zaɓen fidda gwani ya sake dawowa ta wata ƙofa a wannan zaɓen.

Cin zaɓe ta wannan hanya abu ne mai wuyar gaske, kuma waɗanda suka yi ba su da yawa. A 1954 sanatan jihar Karolina ta Kudu, Burnet Maybank, ya rasu ana saura wata biyu zaɓe. Shugabannin jam'iyyar Dimokurat suka zauna a ɗaki suka ɗauko Edgar Brown suka ba shi tikiti, ba tare da an koma ga 'yan jam'iyya ba. Wannan ɗauki-ɗora ya ɓata wa jama'a rai. Tsohon gwamnan jihar, Strom Thurmond, ya fito ya ce a rubuta sunansa, ya kuma yi alkawarin zai sauka bayan shekara biyu ya tsaya zaɓen fidda gwani kamar kowa. Ya sami kusan kashi 63 cikin ɗari, ya kuma cika alkawarin a 1956. Kada dai mu yi saurin tafa masa. Thurmond yana daga cikin manyan masu kare wariyar launin fata a zamaninsa, kuma baƙaƙen fata da yawa na jihar ba su da hanyar jefa ƙuri'a a lokacin. Ƙofar rubuta suna ba ta tantance hali. Wanda ya iya turawa shi ne yake shiga.

Misalin da ya fi koya mana yadda aikin yake a zahiri shi ne na Alaska a 2010. Sanata Lisa Murkowski ta faɗi a zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Rifablikan a watan Agusta, wani lauya mai suna Joe Miller ya kayar da ita. Maimakon ta koma gida, sai ta yi rajista a matsayin 'yar takarar rubuta-suna. Yaƙin neman zaɓenta ya zama tamkar ajin yaƙi da jahilci, domin sunan nata mai wuyar rubutu ne: aka yi ta koya wa mutane haruffansa ɗaya bayan ɗaya a rediyo da talabijin, aka raba mundayen roba masu ɗauke da sunan domin mai zaɓe ya duba hannunsa ya kwafa. Abokan hamayya ba su zauna ba. Ana saura kwanaki kaɗan, fiye da mutum 100 suka ruga suka yi rajistar rubuta-suna, domin jerin ya yi tsawo sunanta ya ɓace a ciki. Bayan zaɓe aka kwashi takardun zuwa Juneau, babban birnin jihar, aka shafe kwanaki ana duba su da hannu ɗaya-ɗaya, wakilan Miller suna ƙalubalantar duk wadda harafi ya kauce. A ƙarshe aka ba ta ƙuri'a 101,091, Miller kuma 90,839. Maganar ta kai Kotun Ƙolin jihar, wadda ta yanke a watan Disamba cewa ƙaramin kuskuren rubutu ba ya kashe ƙuri'a muddin an gane wanda mai zaɓe yake nufi.

An ga irin wannan a zaɓen magajin gari. A birnin Detroit a 2013 kotu ta cire sunan Mike Duggan daga takarda saboda ya miƙa takardunsa kafin ya cika shekara guda da rajista a birnin. Ya koma rubuta-suna, sai ga wani mai aski da sunansa ya yi kama da nasa ƙwarai shi ma ya yi rajista. Duk da haka Duggan ya zo na ɗaya a zagayen farko, ya kuma ci kujerar. A Buffalo a 2021, Byron Brown, wanda ya faɗi a fidda gwani, ya raba wa magoya bayansa hatimin roba mai sunansa, suka riƙa bugawa a kan layin maimakon rubutu, ya kuma ci. Mu dubi waɗannan mutane da kyau: tsohon gwamna, sanata mai ci, magajin gari mai ci, da wani sanannen mai kuɗin kamfe. Babu talaka a cikinsu.

Abin da dokarmu ta ce

Mu dawo gida. Kundin Tsarin Mulki na 1999 bai bar wata kafa ba. Sashe na 65 ya ce mai neman kujerar Majalisar Tarayya dole ya zama ɗan wata jam'iyya, kuma ita ce ta tsayar da shi. Sashe na 106 ya faɗi haka game da majalisar jiha, na 177 game da gwamna, na 131 game da shugaban ƙasa. Sashe na 221 kuma ya hana kowace ƙungiya da ba jam'iyya ba neman ƙuri'a domin wani ɗan takara. Ke nan ƙungiyar masunta, ko ta manoman shinkafa, ko ta ci gaban gari, ba ta da ikon tsayar da nata mutum da sunanta.

Takardar ƙuri'ar kanta tana ba da wannan labari ga wanda ya dube ta. Babu sunan mutum ko ɗaya a kanta. Abin da ke akwai shi ne haruffan jam'iyya, da alamarta, da ɗan gurbin dangwala yatsa. Wanda ya je rumfar zaɓe a Auyo ko Guri da niyyar zaɓen wane ɗan wane, a gaskiya tsintsiya ko lema ko kwandon kayan marmari ya dangwala wa. Wannan al'ada ta alama tsohuwa ce a wurinmu. A zaɓen tarayya na 1959 kowane ɗan takara akwatinsa daban da alamarsa a jiki, fartanya ga NPC, tauraro ga NEPU, mutum ya shiga bayan labule ya jefa a wanda yake so. A lokacin ma matan Arewa ba su da ƙuri'a. A 1979, sa'ad da ƙasar Haɗejiya take cikin tsohuwar Jihar Kano, dattawanmu sun san mabuɗin PRP da gida da masarar NPN.

To, me zai faru da takardar da aka yi rubutu a kanta? Dokar Zaɓe ta 2010 da ta 2022 duk sun tanadi cewa takardar da mai zaɓe ya yi wa wani rubutu ko alama da za a iya gane shi da ita, za a yi watsi da ita. Wanda ya rubuta suna bai dangwala wa kowa ba, bai zaɓi kowa ba ke nan a idon doka. Wanda ya dangwala sa'an nan ya ƙara rubutu, ya ba wakilan wata jam'iyya hujjar da za su nemi a soke ƙuri'arsa a lokacin ƙirga. Malamin zaɓe zai ɗaga takardar kowa ya gani, ya rubuta mata kalmar ƙi, ya sa ta a ambulan dabam. Babu wanda zai tattara sunayen da aka rubuta, babu kuma inda za a sanar da su. Kukan da mai zaɓe ya so ya yi ya tsaya a cikin ambulan.

Lalatattun ƙuri'u kuwa ba kaɗan ba ne a ƙasar nan. A zaɓen shugaban ƙasa na 2015 hukumar INEC ta sanar da 844,519. A 2019, shekarar da 'yan takara 73 suka cika takarda har ta yi tsawo kamar tabarma, sun kai 1,289,607. A 2023 kuma 939,278. Dalilansu iri-iri ne: tawada ta shafi gurbi biyu wajen naɗewa, ko yatsa ya faɗa kan layi, ko an dangwala wa jam'iyyu biyu. Kowace ɗaya daga cikinsu mutum ne da ya bar gonarsa ko komarsa, ya yi layi cikin rana, ya koma gida bai san bai yi zaɓe ba.

Kada mu ɗauka hanin nan mugunta ce kawai. Yana da hikimarsa, kuma wanda ya san ƙauye zai gane ta nan da nan. A rumfar da masu zaɓe ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, wa zai kasa gane rubutun malamin firamare, ko na mai shagon magani? Ranar da aka yarda da rubutu, asirin ƙuri'a ya tafi. Mai sayen ƙuri'a kuma ya sami rasit: sai ya ce wa wanda ya saya, rubuta kaza a kusurwa domin wakilina ya gani. Ga kuma batun sunayenmu. Idan harafi ɗaya ya kai mutanen Alaska kotu, ina ga wurin da Muhammad da Muhammadu da Mohammed da Mamman duk mutum ɗaya ne, inda kuma rabin manyan gari suke ɗaukar sunan garin a matsayin sunansu na ƙarshe? Ibrahim nawa ne a Haɗejiya? Wani zai rubuta da boko, wani da ajami, wata tsohuwa kuma ba ta rubutu da ko ɗaya, ga shi ana ƙirga da hasken tocilan waya bayan magariba, a rumfuna fiye da 176,000. A Japan masu zaɓe da hannu suke rubuta sunan ɗan takara, amma can kusan kowa ya iya rubutu, kuma sunan wanda ya yi rajista kaɗai ake karɓa. A ganinmu, kwaso layin Amurka a dasa shi a takardarmu zai ƙara wa kotuna aiki ne fiye da yadda zai ƙara wa talaka murya.

Amma ciwon da ya sa ake tambayar yana nan, kuma ciwo ne na gaske.

Abin da ya faru a maƙwabta

Ruwan da ya wuce Haɗejiya shi ne yake gangarawa Nguru da Gashuwa, don haka labarin mazaɓar Yobe ta Arewa ba na nesa ba ne a gare mu. A watan Mayun 2022 jam'iyyar APC ta yi zaɓen fidda gwani na sanatan wannan mazaɓa, Bashir Machina ya ci. Mai riƙe da kujerar, Ahmad Lawan, wanda yake Shugaban Majalisar Dattawa a lokacin, yana can yana neman tikitin shugaban ƙasa. Da bai samu ba, jam'iyya ta ce ta sake wani zaɓen a watan Yuni, ta miƙa sunan Lawan. Machina ya kai ƙara, ya yi nasara a Babbar Kotun Tarayya da ke Damaturu, ya sake yi a Kotun Ɗaukaka Ƙara. Ranar 6 ga Fabrairu, 2023, ana saura ƙasa da mako uku zaɓe, Kotun Ƙoli ta ba Lawan tikitin da rinjayen alƙalai uku a kan biyu, bisa hujjar cewa hanyar da aka bi wajen shigar da ƙarar ba ita ce ta dace da irin zarge-zargen da ke ciki ba. Lawan ya tsaya, ya kuma ci.

Ba aikinmu ba ne mu sake yi wa kotu shari'a, kuma ba mu ce da an bar mutane su rubuta suna sakamakon zai sauya ba. Abin lura shi ne wurin da aka yanke maganar. A Alaska, rikicin tikiti ya koma hannun masu zaɓe, kotu ta zo daga baya ta duba ko an ƙirga daidai. A Yobe ta Arewa, rikicin ya ƙare a Abuja tsakanin lauyoyi da alƙalai biyar, masu zaɓen Machina da Nguru da Bade kuma suka ji a rediyo. Ranar zaɓe alamar da ke kan takarda ba ta sauya ba ko kaɗan, sai dai mutumin da ke bayanta.

Ba wannan ne karo na farko ba. A 2007 PDP ta cire sunan Rotimi Amaechi a Jihar Ribas ta sa Celestine Omehia, Omehia ya ci aka rantsar da shi, sa'an nan a watan Oktoba Kotun Ƙoli ta ce Amaechi ne halastaccen ɗan takara, kuma tun da jam'iyya aka zaɓa, shi ne gwamna. Mutumin da bai tsaya a ranar zaɓe ba ya hau kujera. Daga baya an gyara doka domin kada kotu ta sake ba da kujera ga wanda bai shiga dukkan matakan zaɓe ba. A Zamfara kuwa, ranar 24 ga Mayu, 2019, Kotun Ƙoli ta ce APC ba ta yi zaɓen fidda gwani na halal ba, don haka duk ƙuri'un da aka jefa mata sun tashi a banza, daga na gwamna har na majalisar jiha. Bello Matawalle na PDP ya zama gwamna. Ko a nan Jigawa, a zaɓen gwamna na farko bayan ƙirƙiro jihar a watan Agustan 1991, gwamnatin soja ta hana Sule Lamido takara a SDP, Ali Sa'ad Birnin Kudu ya karɓi tutar ya ci a watan Disamba.

Inda ake yin zaɓen gaske

Me ya sa wannan zai dami mai noman rani a Auyo ko masunci a Kirikasamma? Domin abin da ya fi shafar rayuwar fadamar nan ba a fadamar ake yanke shi ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yawan ruwan da ke isowa da lokacin isowarsa sun koma hannun hukuma, wato Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda ta tarayya ce. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero. Ambaliya ta ci gonaki da gidaje a 2018 da 2020 da 2022. Kuɗin yashe kogi, da na jinga, da na gyaran magudanan noman rani, a kasafin kuɗi ake sa su ko a manta da su. Ƙananan hukumomi takwas na masarautar nan sanata ɗaya gare su, da 'yan Majalisar Wakilai uku: na Haɗejiya da Auyo da Kafin Hausa, na Birniwa da Guri da Kirikasamma, da na Malam Madori da Kaugama. Mutum huɗu ke nan. Ko sun taɓa shiga kwalekwale cikin kacala ko ba su taɓa ba, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Su wa suke zaɓo waɗannan huɗun kafin a kawo mana alama mu dangwala? A 2022, Dokar Zaɓe ta wannan shekarar ta ba jam'iyyu hanyoyi uku: 'yar tinƙe, inda duk mai katin jam'iyya zai zaɓa, zaɓen wakilai, wato daliget, da sulhu, inda sauran masu nema za su janye a rubuce. A 2022 manyan jam'iyyu sun fi dogara ga daliget, su kuwa daliget daga tarukan mazaɓun kansiloli suke fitowa, tarukan da yawancinmu ba mu ma san ranar da aka yi su ba. Ga kuma kuɗin fom. A wannan shekara APC ta sayar da na majalisar jiha naira miliyan 2, na wakilai miliyan 10, na sanata miliyan 20, na gwamna miliyan 50, na shugaban ƙasa miliyan 100. Buhun shinkafa nawa manomi zai sayar? Wanda ba shi da su sai ya nemi ubangida, ubangida kuwa ba ya ba da rance don Allah.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya ƙi karɓar katin jam'iyya yana cewa siyasa ƙazanta ce, bai je taron mazaɓarsa ba, bai tambayi wa aka tura daliget da sunansa ba, sa'an nan ranar zaɓe ya ɗauki alƙalami cikin fushi, ya makara da wata tara. Mun san akwai masu cewa ko an je taron, jerin sunaye daga sama yake saukowa. Sau da yawa haka ne. Amma jeri ya fi sauƙin saukowa a zauren da babu kowa. Janar Babangida da shugaban hukumar zaɓensa, Farfesa Humphrey Nwosu, sun gwada wata hanya a 1993 da aka sani da A4, inda mai neman shugabancin ƙasa sai ya fara cin mazaɓarsa, sa'an nan ƙaramar hukuma, sa'an nan jiha, kafin taron ƙasa. Tsarin yana da nasa aibi, kuma mun san yadda aka soke zaɓen 12 ga Yuni, amma dattawa da yawa suna tunawa da shi domin a lokacin sun ga ana fara lissafi daga ƙofar gidansu.

Ɗan takara mai zaman kansa

Abin da ya fi kusa da rubuta-suna wanda zai iya zama a ƙasarmu shi ne ɗan takara mai zaman kansa, wanda ake ce wa indifenda. Bambancinsu a fili yake: shi indifenda ana buga sunansa ko alamarsa a kan takarda kamar kowa, sai dai ba ya ƙarƙashin jam'iyya. Mai zaɓe dangwale kawai zai yi, ba ruwansa da haruffa. Ba baƙon abu ba ne a tarihinmu. An yi takarar indifenda a Jamhuriya ta Farko, kuma zaɓukan ƙananan hukumomi na 1976 da 1987 da 1996 duk ba da jam'iyyu aka yi su ba. Kwamitin gyaran zaɓe na Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawarar a dawo da ita a rahotonsa na Disambar 2008. Majalisar Tarayya ta sa ta cikin gyaran kundin tsarin mulki da Shugaba Jonathan ya ƙi sa wa hannu a 2015. Majalisun biyu sun sake amincewa da ita a watan Maris na 2022, amma ba ta cikin gyare-gyaren da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris na 2023. Ba abin mamaki ba ne idan tafiyar tana jan ƙafa, tun da waɗanda za su buɗe ƙofar su ne suka shigo ta tsohuwar.

Maƙwabtanmu sun riga mu gwadawa, kuma sakamakon ya zo iri biyu. A Gana, a zaɓen Disambar 2020, ɗan majalisar Fomena, Andrew Asiamah Amoako, ya saɓa da jam'iyyarsa ta NPP, ya tsaya indifenda, mutanensa suka mayar da shi. Manyan jam'iyyu biyu suka tashi da kujeru 137 kowacce, sai ya zamana ƙuri'arsa ce take karkata majalisar, har aka naɗa shi mataimakin kakaki na biyu. A Benin, Boni Yayi a 2006 da Patrice Talon a 2016 duk sun ci shugabancin ƙasa ba da tutar wata jam'iyya ba. Na farko shugaban banki ne, na biyu attajirin auduga. A Nijar kuwa, Janar Ibrahim Ba'are Mainasara ya yi juyin mulki a Janairun 1996, ya tsaya a matsayin mai zaman kansa a watan Yuli, ya rushe hukumar zaɓe ana tsakiyar ƙirga, aka ce shi ya ci.

Saboda haka idan maganar ta sake tasowa a majalisa, abin da ya kamata mu tambayi wakilanmu huɗu shi ne sharuɗɗan. Sa hannun masu zaɓe nawa za a nema, kuma daga mazaɓu nawa? Kuɗin ajiya nawa? Za a bar wanda ya faɗi a fidda gwani ya dawo, ko za a hana shi? Idan aka sauƙaƙa ƙwarai, takarda za ta fi ta 2019 tsawo, lalatattun ƙuri'u su ƙaru. Idan aka tsananta, attajiri da tsohon gwamna ne kaɗai za su iya, shugaban masunta na Guri kuwa ya ci gaba da kallo daga bakin ruwa. Kujerar kansila da ta majalisar jiha, inda mutane suka san ɗan takara da mahaifinsa da gonarsa, nan ne gwajin zai fi nuna amfaninsa, kuma nan ne adadin sa hannun da za a rubuta a doka zai yanke ko mutumin fadama zai iya tsayawa.